Murfin Ƙarfe a Sahu na Biyu

Motocin kashe gobara uku na sani a Fatakwal, kuma ta farkon ma ba mota ba ce. Amalanke ce mai ƙafafun ƙarfe da famfo a kanta, wasu su ja ta, wasu su yi ta danna hannun famfon har ruwa ya fito. Lokacin da muka zo garin an riga an ajiye ta a bayan tashar 'yan kwana-kwana, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Ta biyu ita ce jar motar da yayana ya yi aiki a kanta a ƙarshen zamanin Turawa. Ta uku ta zo bayan an ba mu mulkin kai, kuma shi bai taɓa hawanta ba.

Jar motar nan da wani lanƙwasasshen ƙarfe ake tayar da ita, a zura mata ta gaba a yi ta juyawa har ta yi tari ta kama. Tana da tsanin katako a bisa, da mesa ta tamfol a naɗe a gefe, da ƙararrawar tagulla mai igiya wadda yayana ke kaɗawa. Abin da ba ta ɗauke da shi shi ne ruwa. A titi take sha. A kowace unguwa akwai famfo binne a ƙasa, an rufe shi da murfin ƙarfe mai rubutun boko. In suka iso wurin gobara sai su ɗaga murfin, su ɗaura mesa, su murɗa da wani dogon makulli. In babu wannan famfon, motar da tsaninta da ƙararrawarta duk ado ne.

Mu Hausawan da ke zaune ta wajen Borokiri mutanen goro ne da shanu da fawa. Ni na bi birkiloli na koyi gini, wannan ma sai da aka yi ta gunaguni. Yayana kuwa shi kaɗai ne Bahaushe a tashar. Yana sa gajeren wando, yana ci kwano ɗaya da Inyamurai da mutanen bakin ruwa, sallar jam'i tana wuce shi in yana bakin aiki. Ba wanda ke kiran sunansa a unguwa. Da ya doso majalisa sai wani ya ce, “Kwana-kwana, an tashi lafiya? Aikin da sunansa ma barci ne har sau biyu.” A yi ta dariya. Ni ma ina yi, kuma nawa ya fi na kowa ƙara, don kada a haɗa ni da shi.

Abu ɗaya yake so a duniya, a lissafa shi cikin mutanensa. In ya taso daga aiki, a bayan wani kango yake tsayawa ya sa riga da dogon wando kafin ya shigo layinmu. In ana suna shi ne farkon zuwa, amma shi ake ba goro a ƙarshe. A wurin salla kuwa can ƙarshen sahun baya yake tsayawa, kusa da takalma.

Masallacinmu fili ne a ƙofar gidan Sarkin Hausawa, da rumfar kwano a kai. Wanda bai zauna Fatakwal ba bai san ruwan sama ba. Sai a kwana uku ana yi, tabarmi su riƙa ruɓewa a ƙarƙashinmu. Sai dattawa suka ce a zuba siminti a ɗaga wurin, aka ba ni aikin. Da na ja igiya na auna, sai ga murfin famfon unguwarmu ya faɗo a tsakiyar sahu na biyu, daidai inda mutum zai sa goshi.

Yayana ya zo ya durƙusa gaban Sarki da liman, ya yi gaisuwa mai tsawo kamar yadda aka saba, sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, a bar wa murfin nan ƙofa. Ruwan unguwar nan kaf yana ƙarƙashinsa.”

Liman ya ce, “To goshin wa zai sauka a kan ƙarfe mai rubutun Nasara? Naka?”

“Allah gafarta Malam, sai a matsa da sahun gaba kaɗan.”

Sarki ya ce, “Yanzu har ka yi girman da za ka matsa mana da sahu?”

Wani mahauci ya ce gobara ai sai Allah ya aiko ta, ba murfi ke tare ta ba. Aka watse. Washegari na kwaɓa siminti na bi ta kan murfin na shafe sumul. Na iya aikina, wannan kam ba wanda ya taɓa zargina a kai.

Duk ƙarshen wata akan ba yayana makullin nan ya zagaya famfunan yankinmu, ya buɗe kowanne ya ga ruwa na zuwa, ya koma ya gaya wa sajansu. Da ya faɗi gaskiya, da an turo leburori sun fasa dakalin, kuma kowa zai san bakin wa ya kai maganar. Saboda haka wata ya zo ya wuce, ya ce wa saja duk lafiya lau. Na gaba ma haka. Da dattawa suka ga ba wanda ya zo, sai suka gane ya rufa musu asiri. Wata rana da magariba Sarki da kansa ya waiwaya ya ce, “Kai, matso gaba mana, me kake yi cikin takalma?” Aka buɗa masa wuri a sahu na biyu.

Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da abu kaɗan haka ba. Ya ɗinka sabuwar riga. Ya fara zama a majalisa ana ba shi goro tare da kowa. Abin da na lura da shi kawai, kullum wuri ɗaya yake tsayawa a sahun. In ya tarar da wani a wurin, sai ya yi ta roƙo har a matsa masa. Mutane suka ɗauka tsirfa ce irin ta wanda bai saba da sahun gaba ba.

Gobarar ta tashi ne a ɗan gajeren raninmu, bayan azahar, daga ɗakin wani mai sayar da kananzir. Ɗakunan layinmu katako ne da kwano, jingine da juna. Kafin wani ya ruga ofishin 'yan sanda a buga waya, wuta ta ci ɗaki uku. Kowa ya kwaso abin da ya iya ya kawo kan dakalin masallaci, don shi ne siminti, kuma shi ne wurin da muke ganin wuta za ta ji kunya. Akwatuna, huhunan goro, katifu, allunan yara, gafakar liman da littattafansa, duk aka jibge a kai.

Muka ji ƙararrawa daga nesa. Motar ba ta gama tsayawa ba yayana ya diro da hular kwano a ka, da diga a hannu. Bai kalli wutar ba. Kai tsaye ya hau dakalin da takalmansa na aiki, ya shiga ture kaya da hannu da ƙafa. Gafakar liman ta faɗi ƙasa, takardu suka watse.

Wallahi a lokacin nan mun manta da gobara. Wani ya ce, “Da takalmi a masallaci!” Maza suka yi kansa. Aka riƙe digar, aka riƙe kwalarsa, ni kuma na riƙe hannunsa na dama. Ya dube ni ya ce, “Kai ma? Sake ni, ai kai ka san ruwan yana nan.” Ban sake shi ba. Sajansu yana ta ihu da Turancin buroka, yana tambayar ina ruwa, me muka yi wa wurin, “Where water? Wetin una do for here?” Sauran 'yan kwana-kwanan suka ja mesa zuwa famfon layin gaba, suka haɗa duk mesar da ke motar, ba ta kai ba. Sai da suka dawo suka ture mu da ƙarfi sannan yayana ya kuɓuta.

Bai nemi wurin ba. Ya je daidai inda yake sa goshi kullum ya kafta digar. A nan na gane dalilin tsirfar tasa. Amma simintina mai kyau ne, ya daɗe yana sara kafin ƙarfe ya amsa. Da ruwa ya zo, layin ya riga ya tafi. A ɗakin ƙarshe akwai wani tsohon ɗan koren shanu da ciwon ƙafa ya kwantar, kowa ya ɗauka wani ya fito da shi. 'Yan kwana-kwana ne suka fito da shi da yamma, a naɗe cikin tamfol.

Tun a maƙabarta maganar ta juya. Ba wanda ya ambaci siminti. Abin da ake faɗa shi ne an taka masallaci da takalmi, an zubar da littattafan Malam a ƙasa, ta yaya wuta za ta mutu a irin wannan rana? Mutanen da suka riƙe shi su ne suka fi kowa ɗaga murya.

Kwana biyu bayan haka Baturen da ke shugabantar tashar ya zo da saja da tafinta. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Sarki, yayana na tsaye a gefe cikin kayan aiki. Bature ya tambayi wanda ya binne famfon. Sarki ya gyara rawani ya ce mu baƙi ne, 'yan kasuwa, ba mu san ƙarfen mene ne ba. Ya ce ga ɗanmu nan yana aiki a wurinku, da ya gaya mana ai da ba a yi ba.

Saja ya san ni, don nakan kai wa yayana abinci tasha. Ya nuna ni ya ce ga ƙanen ma'aikacinsu nan, a tambaye ni. Tafinta ya ce, “Kai ne birkilan? Ɗan'uwanka ya taɓa hana ku rufe wurin nan?”

Idon unguwa duka yana kaina. Aikina a hannunsu yake, matata 'yarsu ce, wurina a sahu su suka ba ni. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba, kuma ba zan yi masa ado ba. Na ce, “Ban taɓa ji ya faɗa ba, ranka ya daɗe.”

Aka juya ga yayana. Ka san an rufe? Ya ce ya sani. Ka gaya wa saja? Ya ce a'a. To su mutanenka, ka gargaɗe su? Ya dubi Sarki, ya dubi liman, ya dube ni. Ya ce, “Ban gaya musu ba. Laifina ne.”

Na san abin da yake saye da wannan ƙaryar. Yana ganin in ya ɗauke mana duka, za mu bar masa wurinsa. A ranar aka sallame shi daga aiki. Da safe na gan shi a bakin ƙofa yana goge hular kwanon da toka da lemun tsami har tana ɗaukar ido, ya haɗa ta da gatari da takalma da makullin famfo, ya kai musu tasha.

Hukuma ta ce a gyara dakalin a bar murfin a buɗe, in ba haka ba a rushe rumfar gaba ɗaya. Ni aka sake ba aikin. Na yi masa baki mai kyau, kusurwa huɗu. Ba wanda ya yarda ya yi salla a kansa, sai sahu na biyu ya zama da giɓi daidai faɗin mutum ɗaya.

Sati guda yayana bai fito ba. Ran da ya fito da la'asar ne, cikin sabuwar rigar nan tasa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Ya duba sahun baya, suka matse kafaɗu. Sai ya tako ya tsaya a giɓin, inda goshinsa zai sauka a kan ƙarfen. Ni ne a hagunsa. Kafaɗarsa ta taɓa tawa.

Liman ya waiwayo don daidaita sahu, ya gan shi, sai ya ƙi ta da salla. Kowa ya san abin da ake jira. Ni na fara matsawa. Na ɗauke ƙafata na yi taki ɗaya zuwa hagu, na dama da shi ma ya yi nasa, sannan liman ya yi kabbara. Yayana ya yi raka'a huɗunsa shi kaɗai a tsakiyarmu. Da aka sallame ya miƙo mini hannu, ni kuwa na shiga jan carbi.

Da asuba ya hau motar Anacha. Na ji yana dako a bakin kogi, wajen jirgin fito. Na aika masa saƙo sau ɗaya ta hannun masu goro, suka dawo suka ce ya ce yana gaishe ni, ya kuma tambaya ko murfin yana nan a buɗe. Bai kai shekara uku a can ba ciwon ƙirji ya ɗauke shi, Hausawan Anacha suka yi masa sutura. Ban je ba.

Sabuwar motar ta zo bayan tafiyarsa. Doguwa ce, da jiniya maimakon ƙararrawa, da tanki a bayanta cike da ruwa, ba sai ta jira famfon kowa ba kafin ta fara aiki. Ran da ta fara ratsa layinmu dattawa suka fito kallo, mahaucin nan yana cewa ai irin wannan ce mota, ba waccan ta Kwana-kwana ba.

Har muka bar Fatakwal wurina bai canza ba, hagun murfin nan, sau biyar a rana. Liman yakan waiwayo ya ce a cike giɓi, mu duka mu dubi ƙasa, shi kuma ya ta da salla.