Tokarar Kawu Duk-Daidai

Daga bakin Umma na fara jin sunan, ranar da ta dawo daga gidan Kaka tana huci. "Duk-Daidai ya sake raba mana gardama," ta ce, ta yi tsaki. Na girma kafin na gane ba sunan yanka ba ne.

Babban wanta ne, aikinsa jera littattafai a laburare. Daga bayan littattafan falsafa, ba cikinsu ba, ya tsinto kalmomin da yake yi mana ado da su.

Shekarar da bangon ɗakin Kaka ya tsage ya fara karkata, 'ya'yanta suka taru a tsakar gida. Kawu Ƙarami ya ce a rushe, a gina yadda ɗaki ya kamata ya kasance. Umma ta ce a samo katako a tokare yau, damina ba ta jiran kowa. Inna, ƙanwarsu, ta fashe da kuka, wai da hannunsa marigayi babansu ya ɗora bangon, kada a taɓa.

Aka zuba wa babban yaya ido. Ya gyara tabarau.

"Duk daidai ne. Manufa ita ce rai, dabara ita ce jiki, tarihi kuwa asali."

"Yaya, bango fa muke magana," in ji Umma.

"Ke dai ba ki da zurfi."

Ga hukuncinsa: a zana sabon ɗaki a takarda, a kawo katako, amma a kafa shi da ɗan tazara daga bangon, don kada ya taɓa aikin marigayi. Kafintan da aka kira ya tambaya ko iska ake son ya tokare. Na sa hannuna a tazarar, ya shige har wuyan hannu.

Ruwan farko da ya sauka, bangon ya wuce ta gefen katakon ya faɗi. Ya karya ƙafar Kaka, ba ta ƙara takawa ba. Katakon kuwa yana nan tsaye, ko ƙwarzane bai yi ba.

A bakin ƙofar asibiti Kawu Duk-Daidai ya tare ni, ya san ni ke riƙe da labaran gidanmu.

"'Yata, in kin tashi ba wa 'ya'yanki labari, ki faɗa musu ban taɓa watsa wa kowa ƙasa a ido ba."