Bencin Gaisuwa na Sanatu

Kullum ƙarfe bakwai na safe Sanatu Wumbei take buɗe ɗakin karatu na garinmu. Kafin ta taɓa littafi ko ɗaya, sai ta jawo wani dogon benci ta girke shi a gindin darbejiya, ta goge shi tas. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Wata mai zuwa za ta ajiye aiki.

Tana da shekara ashirin da uku, wata huɗu kacal da kama aiki, aka ɗauke shugaban wurin zuwa Tamale. Ya danƙa mata makullai, ya bar mata maigadi Mba Neindoo, wanda ya reni mahaifinta. Ga kuma takarda daga gunduma: in masu karatu ba su ƙaru ba kafin damina, ɗakin zai koma sito na takin zamani.

Ta san abin da ya kori ɗalibai. Mu Dagomba ba ma ganin babba mu zauna. Dattijo ya leƙo neman inuwa, sai ɗaki duka ya durƙusa ana "Naa, naa", a tambayi kwana, a tambayi gida, a tambayi gajiyar jiya. Kafin a koma kujera wani ya shigo. Ɗalibi ya zo karatun jarrabawa, ya koma gida da ciwon gwiwa.

Ta rubuta SHIRU a takarda ta manna a bango, ta manta waɗanda ta rubuta dominsu ba su iya karatu ba. Mba Neindoo ya tsaya gaban takardar.

"'Yata, me aka ce a nan?"

"An ce a yi shiru, Baba."

"Wa ya rasu?"

"Babu kowa. Umarnin shugaba ne."

"Shugaba ai yana Tamale."

"Ni ce, Baba."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ubanki a cinyata ya yi fitsari, shugaba."

Washegari ta fito da benci, ta durƙusa gabansa ta roƙe shi ya zama shugaban gaisuwa: duk wata gaisuwa a ƙare ta a gindin bishiya kafin a shiga. Mutumin da bai taɓa mulkin komai ba sai ƙofa, ya riƙe aikin da zafi. Jami'in gunduma ma da ya zo dubawa sai da ya tsuguna aka tambaye shi surukansa. Ya shiga yana ɗingishi, ya tarar da ɗaki maƙil, ko tari babu. Taki ya nemi wani wurin.

Su kuwa mutanen benci, ta riƙa karanta musu jarida da hantsi, daga baya ta miƙa musu alli. A kan bencin nan na fara rubuta sunana, ina da shekara arba'in da shida.

Sanatu, ke ce kika riƙe makullai ba ki raina furfura ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Duk matashin da aka ɗora wa aikin da ya girmi shekarunsa, ya zo ya ga bencin nan kafin ya manna takarda. Amma ya taho da gwiwarsa lafiya, don yanzu mu ne a kai.