Gayyar Ƙanƙara a Brooklyn

Cikin duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ranar da ba na jin zan taɓa mantawa da ita ita ce wata Juma'a ta watan Fabrairu, da injin hura ƙanƙara ya mutu mana a Brooklyn ana gobe gasa. Tunda ku sababbin shiga kun matsa sai na ba ku labarin, to ku gyara zama.

Sunana Iliyasu, amma a wurin aiki Illa ake ce mini. Mutumin Agadas ne ni. Kafin in zo ƙasar nan direban 'yan yawon buɗe ido ne ni. Nakan ɗauki Turawa a motata kat-kat, irin mai shiga rairayi, in kai su duwatsun Ayar, su ga lambunan Timiya da ruwan da ke zubowa daga kan dutse, su ɗauki hoton raƙuman dawan da mutanen zamanin dā suka zana a jikin duwatsu, sannan mu gangara Tenere inda babu komai sai rairayi da sama. A irin wannan tafiya na haɗu da Madam Helen, patron ɗinmu ta yanzu, wato shugabarmu. Ta zo hutu da wani dogon allo cikin jaka, ni kuwa na ɗauka tebur ne na cin abinci. Sai da muka isa gindin wani babban tudun rairayi na ga ta hau can ƙoli, ta ɗaure ƙafafunta biyu a kan allon, ta sulalo kamar kibiya. A ƙasa ta kife, bakinta ya cika da rairayi, ta tashi tana dariya. Ta ce mini a ƙasarsu a kan dusar ƙanƙara ake yin wannan wasa, kuma shirya gasarsa shi ne sana'arta. Da baƙi suka daina zuwa Agadas na taho New York, na kafa tebur a titin 125 ina sayar da huluna da tabarau. Daga baya na neme ta, ta ɗauke ni direban kamyo, babbar motar kaya. A hankali na koma sashen ƙanƙara, har na zama shugabansa.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Gasar tamu yawo take yi gari-gari duk lokacin sanyi. Tunda birni ba shi da dutse, mu muke gina masa. Sashen ƙarafa su kafa tudu mai tsayin bene hawa da yawa, su shimfiɗa masa katako. Mu kuma sashen ƙanƙara mu lulluɓe shi. Tudun kashi uku ne. Akwai gangaren da ɗan wasa ke sulalowa ya tara gudu, akwai bakin tsalle da ke cilla shi sama ya yi alkafura da juyi a iska, akwai kuma masauka inda yake dira. Masaukar nan ita ce ran aikin, domin idan ƙanƙararta ta yi siriri, ƙashin mutum ne zai gamu da katako. Ba ma jiran dusar ƙanƙara ta sauko daga sama. Tireloli ke kawo mana sandunan ƙanƙara, injin niƙa ya mayar da su gari, injin hurawa kuma ya tura garin ta wata ƙatuwar mesa har kan tudu. In mun gama, babban alƙalin gasa ya zo ya duba. Sai ya yarda ake buɗe fili.

A wancan makon mun kafa tudun a wani filin ajiye motoci a bakin ruwa. Ranar Laraba mun gama komai, ya yi kyau kamar a lasa. Ranar Alhamis gari ya yi ɗumi, aka wuni ana yayyafi, rabin ƙanƙarar masauka ya narke ya bi kwata. Ba mu damu sosai ba, tunda Madam Helen ta sa an ƙaro tireloli. Da safiyar Juma'a muka tada injin niƙa, ya tashi lafiya. Muka tada na hurawa, ya yi wata ƙara kamar an shaƙe akuya, ya yi hayaƙi, ya yi shiru. Makanikinmu ya buɗe shi ya girgiza kai. Abin da ya karye sai ranar Litinin za a same shi, kuma duk inda aka buga waya neman aron wani injin, yana wurin aiki a wata jiha.

Madam Helen ta kira ni gefe. Mace ce da ba ta ɗaga murya. Ta ce, "Illa, saman tudu bai lalace sosai ba, kuren, injin ɗaga kaya, zai iya kai mana buhuna can. Masauka ce matsalar. Ku nawa ne? Ko kwana za ku yi kuna ɗiba da hannu ba za ku cika ta ba. In na soke New York, masu ɗaukar nauyinmu za su janye, sauran garuruwan ma sun tafi. Ka san abin da hakan ke nufi ga yaranka."

Na sani sarai. Kowane ɗaya cikinsu da iyali a bayansa.

Na ce, "Patron, kada ki sanar da komai tukuna. Ki bar ni in je masallaci in dawo."

Ta ce, "Addu'a za ka yi?"

Na ce, "Har da ita. Amma mutane zan nemo."

Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Duk wanda ya zo a matsayin ma'aikacin yini zai shiga, jami'in tsaron lafiya zai ba shi hular kwano da safar hannu, kuma babu wanda zai wuce matakalar da ke da makari. Saman ƙarafa namu ne mu da aka horar.

Na kama jirgin ƙasa zuwa Harlem. Bayan an sallame na roƙi liman izini, na miƙe. Na ce, "Jama'a, gayya nake kira." Wasu dattawa suka ɗago kai, don sun daɗe ba su ji kalmar ba. Na yi musu bayani gwargwadon iyawata. Sai Alhaji Tanko, wani dattijo mutumin Zangon Kumasi da ke tuƙin tasi, ya ce daga sahun gaba, "Illa, tsaya in fahimta. Duk shekara muna biyan yara su kwashe mana ƙanƙara daga ƙofar gida. Kai yanzu so kake mu bar sana'armu mu je mu tara ta?"

Aka bushe da dariya, har liman. Na ce, "Haka ne, Alhaji."

Ya ce, "Don wasu su yi alkafura a kai?"

Na ce, "Don yarana su ci gaba da aiki, Alhaji."

Ya ɗauki hularsa ya kafa. Ya ce, "To ai da ka fara da wannan. Motata na waje, tana ɗaukar mutum huɗu."

Kafin la'asar filin nan ya cika. Abokan tebur ɗina na da sun naɗe kayansu sun zo. 'Yan tasi sun zo, masu shaguna daga Flatbush sun zo, wasu har daga Port Richmond suka hawo jirgin ruwa don wani ya buga musu waya. Jami'in tsaron lafiya ya raba huluna har suka ƙare, aka aiko da wasu. Ka ga mutum da doguwar rigar Juma'a, ya ɗora jaket a kai, ga hular kwano a bisa.

Na tsara su yadda muke yi a gida in za a yi wa babban masallaci yaɓe. Layi biyu daga bakin injin niƙa zuwa matakalar masauka, ɗaya bokiti cike na hawa hannu zuwa hannu, ɗaya wofi na saukowa. Yarana suna kan gangare da igiya a ƙugu, suna karɓa suna zubawa suna dannewa da shebur. Da farko abin ya ƙi tafiya. Bokitai suka riƙa cunkushewa a tsakiya, wani ya zame ya zauna cikin ruwan sanyi, wasu samari biyu suka fara cacar baki, ɗaya da Faransanci ɗaya da Turanci. Na duba masauka, na ga kamar gishiri muke zubawa a kogi. Gaskiya a lokacin zuciyata ta karaya.

Alhaji Tanko ne ya ceci aikin. Ya tsaya a tsakiyar layi ya fara ba da waƙa irin ta masu daɓe, yana ƙirƙira baitoci nan take, yana zolayar Nijar da Najeriya da Gana ɗaya bayan ɗaya, kowa na amsawa. Da amshi ya daidaita, hannu ma ya daidaita. Bokiti ya riƙa tafiya kamar da ƙafarsa.

'Yan wasan suna tsaye a bakin tantinsu suna kallo. Akwai wata 'yar Japan a cikinsu mai suna Mika, ƙarama ce a jiki amma duk gasar ana shakkarta. Ita ta fara ajiye kofin shayinta ta shiga layi, ta faɗa daidai kusa da Alhaji Tanko. Ya dube ta ya ce, "Sannu da aiki, 'yata." Ta maimaita yadda ta ji, aka yi shewa. Sauran 'yan wasan suka biyo ta, masu kyamara suka ajiye kyamara, Madam Helen ma ta cire rediyonta ta karɓi bokiti. Da magariba ta yi muka shimfiɗa tamfol muka yi salla, waɗanda ba sa yi suka riƙe layin har muka dawo. Matan unguwa kuma suka aiko da kulolin shinkafa da wake da tukunyar koko mai zafi. Bayan isha muka rufe masauka da tamfol, na sallami kowa.

Da safiyar Asabar Allah ya taimake mu gari ya yi sanyi. Fiye da rabin mutanen jiya suka dawo ba tare da an kira su ba, muka cike abin da ya rage. Muka watsa gishiri a saman ƙanƙarar, don shi ke sa ta ɗaure ta yi ƙarfi, muka goge ta da manjagara har ta yi sumul. Babban alƙali ya zo da sandarsa yana cakawa tun daga sama har ƙasa. Ya sa a kira ɗan wasa ɗaya ya gwada. Mika ta ce ita za ta yi, tunda da hannunta a ciki. Ta sulalo, ta tashi sama ba tare da juyi ba, ta dira, ƙanƙara ta yi feshi a bayanta. Ta tsaya ta ɗaga hannu biyu. Alƙali ya danna rediyo ya ce, "An buɗe fili." Madam Helen ta zauna a kan wani bokiti ta rufe fuska da tafin hannu.

Ta sa aka keɓe wa mutanenmu wuri a gaba, dab da shinge. Yawancinsu ba su taɓa ganin wasan ba ko a talabijin. Da ɗan wasa na farko ya tashi ya juya kansa ƙasa ƙafafu sama, Alhaji Tanko ya dafe hula ya ce, "Innalillahi! Illa, yaron nan yana da uwa kuwa?" Kafin a kai zagaye na biyu shi ne ke yanke hukunci, yana cewa wannan saukarsa ba tsabta, wancan ya taɓa ƙasa da hannu. Wasu sun zo da 'ya'yansu, yaran nan da ake yi wa Hausa su amsa da Turanci. Na ji wani yana nuna wa ɗansa masauka yana cewa, "Ka ga can gefen hagu? Ni na zuba ta."

A zagayen ƙarshe Mika ce ta rufe. Ta faɗi a tsallenta na farko, saboda haka komai ya rataya a kan wannan. Filin ya yi shiru har ana jin kukan tsuntsayen bakin ruwa. Ta sulalo, ta tashi, ta yi ta juyi har na kasa bin ta da ido, ta dira cak a tsakiyar masauka kamar an dasa ta. Ihun da mutanenmu suka yi ya danne lasifika. Ita ta ci. Da aka ba ta kofi ba ta tsaya wurin masu hoto ba, ta nufo shinge ta miƙa wa Alhaji Tanko. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu, 'yan tasi da 'yan tebur suna tsalle a bayansa. Mai sanarwa ya ce duk filin a tashi a tafa wa waɗanda suka gina masaukar da hannu, aka tashi kuwa. A duk ranar babu ɗan wasa ko ɗaya da ya ji ciwo. Gasar ta wuce gari na gaba, ba wanda ya rasa aikinsa a cikin yarana.

Abin da na koya shi ne, aikin nan ana yi masa kallon aikin injina, amma na mutane ne. Inji za ku iya koyonsa cikin sati biyu, ni zan koya muku. Abin da ba zan iya koya muku ba shi ne wanda za ku kira ya amsa ranar da injin ya mutu. Mutanen nan ba don gasa suka zo ba, ba su ma san sunanta ba. Sun zo ne don na je sunan 'ya'yansu, na je jana'izar iyayensu, na tsare wa wasu tebur sun je asibiti. Saboda haka duk garin da muka sauka, in kun gama ɗaure ƙarafa, ku wanke hannu ku je ku gai da mutane. Yanzu ku tashi, tirela ta iso.