Ranar da Gabas Ta Koma Yamma

Ko a mafarki aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ba zan manta da ita ba, ranar da na shiga jirgin ruwa a Dubai tare da gwaggona zan ambata.

A lokacin ina aji biyu a jami'a. Gwaggo, yayar babanmu, 'yar kasuwa ce a Kano, kuma wannan ne karonta na farko da za ta je Dubai saro kaya da kanta. Ita ta dage sai da ni za ta tafi. Baba ya ce ni da kullum hankalina yana kan gajimare ba zan tsinana mata komai ba, ita kuwa ta ce, "Bar min 'yar bokona, ita ce idona." Ta yi min alkawarin in na yi abin kirki, duk tafiya da ni za a riƙa yi. Babu abin da nake so kamar wannan.

Da muka sauka a ɗan otal ɗinmu, tambayarta ta farko ita ce, "'Yar nan, ina gabas?" Na leƙa taga, na lura da inda rana take, na nuna mata da cikakken ƙarfin zuciya. Akwai wata koɗaɗɗiyar kibiya a manne a rufin ɗakin tana nuna ɗaya ɓangaren, amma na ɗauka hanyar gudu take nunawa idan gobara ta tashi. Haka muka yi kwana uku muna salla.

A rana ta huɗu masu kargo suka ce sai gobe za su ɗaure kaya, sai na lallaɓi Gwaggo muka shiga wani jirgin katako mai yawo da baƙi a gefen teku. Ta shiga da bisimilla ta fi bakwai, ta ƙanƙame hannuna kamar ni ce zan hana shi nutsewa. Ni kuwa tuni na tafi. Ruwan shuɗi ne har ƙarshen gani, dogayen gine-gine suna ja baya suna zama kamar allurai, fararen tsuntsaye suna biye da mu. Na fito da ɗan littafina na rubuta layi biyu na waƙa, ina jin kaina wata babbar marubuciya.

Wajen ƙarfe biyu jirgin ya tsaya don a ci abinci. Muka yi alwala, Gwaggo ta juya wa rana baya kamar yadda muke yi a gida da azahar, ta shimfiɗa mayafinta. Sai ga matuƙin jirgin, wani dattijo mai jan gemu, da ma'aikatansa biyu sun tayar da salla suna fuskantar rana sosai, sun ba mu baya.

Gwaggo ta zaro ido. "Innalillahi! Kin ga bayin Allah, ruwa ya juya musu kai. Yamma fa suke kallo! In sun sallame je ki gaya musu da Turancinki, lada za ki samu."

Na kuwa tafi, har da gyara mayafi. Cikin ladabi na ce wa dattijon sun yi kuskure, gabas tana can. Ya dube ni, ya ce daga wace ƙasa nake. Na ce Najeriya. Ya yi dariya har gemunsa yana rawa, ya ɗauki kofin shayi ya ajiye a tsakiyar faranti, ya ce, "Wannan Makka." Ya sa dabino ɗaya a hagu, ya ce, "Ku." Ya sa wani a dama, ya ce, "Mu. Kin wuce ta a jirgin sama, 'yata, yanzu tana bayanki. Khalas, shi ke nan."

Ni da na ci jarrabawar labarin ƙasa! Kibiyar rufin ɗaki ta faɗo min a rai. A 'yan takun da ke tsakanina da Gwaggo, zuciyata ta raya min in ce mata kawai a kan ruwa haka ake yi, in rufa wa kaina asiri, in tsira da alkawarinta. Amma na hango ta zaune tana jan carbi, ta yarda da ni ɗari bisa ɗari. Na durƙusa na faɗa mata komai.

Ta ce, "Wato kwana uku Indiya nake kallo?"

"Kusan haka, Gwaggo."

Sai ta fashe da dariya har da hawaye. "Kai, boko! To tashi mu juya, kada mu ƙara ta yau a kai."

Da la'asar jirgin ya sauke mu a wani ɗan garin masunta, mai fararen gidaje da taruna shanye a rana, ƙamshin gasasshen kifi ko'ina. Aka ba mu awa biyu. Na so in bi lungunansa, in tsinci kwanson teku, in ƙarasa waƙata. Gwaggo ta ja ni masallacin bakin ruwa, ɓangaren mata. Ta ce hukuncin sai ta tambayi malaminta a gida, amma ita dai hankalinta ba zai kwanta ba sai mun rama. Muka yi ta jero salloli, iskar teku tana shigowa ta taga, ƙarar ruwa tana amsa kabbararmu. Abin da na gani na garin ke nan, kuma har yau ban taɓa jin salla ta yi min daɗi kamar ta wannan yammacin ba.

A hanyar komawa na ce, a hankali, "Shi ke nan ba za ki sake zuwa da ni ba ko?"

Ta ce, "Da ɓoye min kika yi, da na fasa. Wadda ta iya cewa na yi kuskure, ita nake so a gefena a kasuwa."

Sau biyar muka sake komawa tare, kuma har ta rasu tana kirana 'yar Indiya. Abin da na koya a ranar shi ne, abin da ka saba da shi a gida ba lallai ya bi ka ko'ina ba, don haka in ka sauka baƙon wuri ka fara tambaya kafin ka nuna. In kuwa ka riga ka nuna ba daidai ba, ka koma ka faɗa da bakinka.