Marainiyar da Malam Umaru ya bari a bakin gulbi

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar abokina Malam Umaru, malamin elementare a Rabah zamanin Turawa. Jama'a na tuna shi da koyarwa. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, har yau da ɗan haushinsa nake tuna shi, domin ya tafi ya bar ni a tsakiyar labari.

Wani Baturen makaranta da zai koma gida ne ya bar masa akwatin littattafan labarai na Ingilishi, masu kauri kamar tubali. Mu manoman albasa ne, ba mai jin Turanci cikinmu, ni ma karatun yaƙi da jahilci kawai na yi. Saboda haka bayan la'asar sai mu zauna a zaurensa, ya buɗe littafi a cinya yana juya mana da Hausa. Amma Umaru ba ya barin suna ko ɗaya yadda yake. Babban birninsu ya zama Sakkwato, attajiri mai rowa ya zama Alhaji Ɗanjumma, dusar ƙanƙara ta zama ruwan Agusta. Mun sha mamakin jin cewa su ma Turawa suna cin gadon maraya, suna raina talaka, suna auren da suke nadama. Da mun zaci haraji kawai suka iya.

Labarin ƙarshe na wata marainiya ne da ya raɗa wa Ladi. An kore ta daga gidan kawunta, ta yi aikatau, ta wahala, har ta iso bakin gulbi da ƙunshin kayanta, ba ta san ko ta ƙetare ko ta koma ba. Nan ya rufe littafin. Na ce, "Malam, to mi ya hwaru?" Ya ce, "Kai dai ka cika gaggawa. Sai ka dawo daga kasuwar Gandi." Kafin in dawo sanƙarau ya kwantar da shi, bai sake magana ba.

Da aka raba gado, akwatin ya faɗa hannun ƙanensa a Goronyo. Da na je nema bayan damina, na tarar iyalin ƙanen sun yage takardun suna ƙulla irin albasa a ciki. Ban ga laifinsu ba, takarda ce mai kyau.

Yanzu jikanyata tana karatun Turanci a jami'a. Na ba ta labarin, ta ce, "Kaka, mi as sunan littahin?" Ban sani ba. Ta ce sunan yarinyar fa? Na ce Ladi. Ta yi dariya, ta ce marayu sun cika littattafan nan, gulabe ma haka. Ta kawo mini biyu uku, babu wanda ya dace. Na gaji, na ce ta bari.

Da Umaru zai ga yau, da ya yi murna da yawan masu karatu, ya kuma yi baƙin cikin ƙarancin masu zama su saurara. Marayun da ake cinye wa gado kuwa, ba sai ya buɗe littafi zai gan su ba.

Abin da ya rage mini nasa shi ne Ladi. Nakan ba yaran gida labarinta, kuma suna matsa mini in ƙarasa. Na iya ƙirƙira, amma ba na so, ba nawa ba ne. Idan na kai bakin gulbin nan sai in tsaya, in ce a yi wa Malam addu'a.