Yaya Sale da Baƙin Dutsen Harra

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Sale a nan Jidda, a kabarin da ko suna babu. Ba wanda ya rubuta shi a jarida, don mai fasa dutse ne marar iƙama, wato takardar zaman ƙasa. To ni zan rubuta, da ɗan guntun karatuna.

Rabin rayuwarsa a wurin fasa dutse ya yi ta, gefen harra, filin baƙin dutsen nan da ƙasa ta amayo da wuta tun zamanin da. Yakan ce duk kunu ne da ya daskare. Wanda ya fito tsinkakke ya yi gudu, ya yi nisa, ya kwanta sumul. Mai kauri kuwa jan jiki yake, samansa na bushewa yana farfashewa, ya bar tsini kamar fasasshiyar kwalba. Dariya muke masa a unguwarmu Sharafiyya, muna kiransa injiniyan kunu.

Shekarar da Inna ta zo umra ta zauna jiran Hajji, ba mu da takardar izinin shiga Makka. Dole muka shiga ayarin wani jagora, muka zagaye shingen bincike a ƙafa, ta cikin harra, da hantsi. Maza na cikin harami, silifas kawai a ƙafa. Inna ga ciwon suga. Ƙaramin yanka sai ya ci ƙafar, ya ci Hajjin.

Jagoranmu ya nuna gajeriyar hanya. "Yalla, mu je, nan ne kusa."

Yaya ya tsuguna, ya shafa dutsen. "Wannan mai kauri ne. Uwata ba ta taka shi."

Jagoran ya ce, "Halas, shi ke nan, injiniyan kunu, sai ka taho!"

Mu uku, ni da shi da Inna, muka bi shimfiɗaɗɗen dutsen, nisa ya ninka, ina ta zaginsa a zuci. Da muka iske sauran a bakin titi, silifas ɗinsu duk sun tsinke, ƙafafu na jini. Biyu daga nan suka juya. Inna ta tsaya Arfa ba ko ƙwarzane.

Kwanan nan 'yata ta nuna min littafin makarantarta, ga maganar kunun Yaya sak, har da hoto, an dai canza mata suna. Da yana raye na san abin da zai ce: "Su sai yanzu suka sani?"

Bai bar gida ba, bai bar takarda ba. Amma har Inna ta rasu Hajiya ake kiranta, kuma na ga hannun da ya shafa dutse ya samo mata sunan. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ni ma na yi dariyar, ka yafe min.