Busasshiyar Riga

A Tanut babu wanda ya taɓa jefa ƙwallo cikin kwando ta shiga, amma a fadarmu ta gindin bedi muna da masana wasan har biyu. Ɗaya tsohon jandarma ne, ɗayan malamin dabbobi. Iliminsu duka daga salula guda ya fito, mai tsagaggen gilashi.

Saurayin da suke yi wa hukunci ɗalibina ne a da. A lakwal, wato makarantar boko, ya fi allo tsawo, lissafi kuma ya fi shi. Ni na roƙi mahaifinsa, makiyayi daga Tenhya, ya bar shi ya bi masu ƙwallon kwando zuwa Damagaram. Daga can wata ƙungiya ta ƙetare ta ɗauke shi. Bara yana shiga fili. Bana, a duk bidiyon da ya iso mana, yana zaune a benci da tawul a wuya.

Ran kasuwa mahaifin ya zo fada, aka miƙa masa shayi da salular.

"Alhaji, an yi wa ɗanka ƙarin girma," in ji jandarma. "Shekara talatin na yi cikin kaki. Ƙananan ke gudu, kumandan yana zaune."

"Kumandan na ina," in ji malamin dabbobi. "Kiwo suke masa. Dubi sangalinsa. Ɗan raƙumi ne, ba a ɗora masa kaya ƙashi bai ƙosa ba."

"Kai ko limami ka gani sai ka buɗe masa baki ka duba haƙora."

"Kai kuma zama kaɗai ka iya, shi ya sa ka ɗauke shi muƙami."

Haka suka yi ta yi har shayi na uku. Ni da nake karanta jaridun wasanni na Faransanci, na san abin da benci yake nufi, sai na duƙufa ga kofina kamar an rubuta wani abu a gindinsa. Shekaru ina koya wa yara faɗin gaskiya, ranar na gane darasin ya fi daɗi daga gaban allo.

Mahaifin ya tsura wa salular ido. Sau biyu ya sa aka maimaita bidiyon. Da ya tashi ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, raka ni."

Sai da muka kai inda ya ɗaure raƙuminsa ya tsaya.

"Rigar kowa a jiƙe take. Tasa a bushe."

"Haka ne, Alhaji."

"Waɗannan abokan naka ba su gani ba?"

"Suna kallon bakin junansu."

"To kai faɗa mini. Gaba yake yi ko baya? In zama zai yi, ina da inuwa a Tenhya, ina da rijiyar da ke son dogon hannu. In kira shi gida?"

Na so in yi masa lacca kan haƙuri da shekarun girma, irin wadda malamin dabbobi ya riga ya ɓata. Na ce, "Baya ya yi bana. Amma irinsu wani lokaci sai a shekara ta uku suke tashi. Wani lokaci kuma ba sa tashi. Ban sani ba."

Ya dube ni da kyau. Ina jin tun da ya san ni bai taɓa jin kalmomin nan uku daga bakina ba.

"Na ba shi zuwa kaka," ya ce yana kwance igiya. "Kai ka kai shi, kai za ka gaya masa. Ya aiko mini da hoto rigar a jiƙe. Kada kuma ya zuba mata ruwa, na san kalar gumi."

Da na koma gindin bedi, na tarar jandarma ya riga ya naɗa yaron kaftin. Na karɓi salular ba tare da na nemi izini ba, na shiga neman lambar ɗalibin nawa.